Maganin Ruwan Kawu Labbo

Kwana huɗu muka yi a hanya kafin mu taka ƙasar Gana, kuma tun a kwana na biyu na fara da-na-sanin bakina. Ni na kawo labarin tafkin. A kasuwar Tambuwal na tsince shi, a bakin wani direban motar goro da ke shan fura kusa da ni. Wai akwai wani ruwa can cikin kurmi, ido ba ya ganin ƙarshensa, kifi har tsufa yake yi ya mutu don kansa, babu mai jefa masa birgi, ragar nan ta masunta. Ban tambayi abin da ya hana a jefa ba. Na ɗauko zancen da zafinsa na kai Fakku, na ƙara masa gishiri a hanya, na juye wa Kawu Labbo.

Kawu Labbo yayan mahaifiyata ne, masunci gaba da baya. A ƙasar Kebbe in ruwa ya ci mutum, shi ake tura wa babur. Sai ya nutse har masu kallo su fara salati, sannan ya ɓullo riƙe da wanda ake nema. Ba shi da ɗa namiji, 'ya'yansa mata duk suna ɗakunansu. Ni ɗan manomi ne, amma tun ina ƙarami nake bin sa gulbi ina riƙe masa gora. To, shekarun nan gulbin ya ja baya, inda ya rage da kifi kuma bakin daji ne, ba ya shiguwa saboda mutanen da kowa ya sani. Shi ya sa dattijo mai furfura ya yarda ya bi shawarar yaro. Inna ba ta hana ba. Abin da ta ce da ni kawai shi ne, "Arzika, kai kak kawo zancen ga. Yadda kat tafi da shi, haka nika son ka maido mani shi."

Wannan maganar ce ta zauna mini a ƙirji tun daga ƙasar Binin. Mutumin da ruwa bai taɓa juya wa kai ba, mota ta mai da shi abin tausayi. Daga Kandi har Zugu kansa na cikin leda. Fasinjoji na toshe hanci, rabi saboda shi, rabi saboda ƙarnin kayan sunmu da ke kan rufin mota. A wani gari na ƙasar Togo wata mata mai goyo, wadda ba ta jin Hausa ko ta sannu, ta ɓantaro ɗanyar citta daga ƙullin zaninta ta nuna masa ya tauna. Ya tauna, ya samu sauƙi, ya yi ta sa mata albarka tana dariya. Da aka sayo mana dokunu, tuwon masararsu mai tsami, ya shinshina ya ture ya ce, "Wanga tuwo ya kwana bakwai, ko an yi mana rantsuwa." Ni ma tuwon gero da miyar kuka nake gani a idona, amma na daure na ci don ya ga kamar na san ƙasar.

A duk tafiyar abu ɗaya ne bai rabu da jikinsa ba, wata 'yar zabira ta fata da yake ɗaure wa a ƙugu. Na san ta tun ina yaro. Kafin ya shiga kowane baƙon ruwa sai ya kwance ta, ya ɗebi wani gari fari-fari da yatsu uku, ya yi bisimilla, ya watsa. A gidansu maganin ruwa ake ce masa. Ubansa ya ba shi, shi ma ubansa ya ba shi. Ban taɓa tambayar abin da ke ciki ba, don na san ba a tambaya.

Birnin da muka sauka ba zan kama sunansa ba, mutanensa ba su yi mini laifi ba. Wanda ya yi mini laifi ɗan uwana ne Bahaushe. A tasha ya tare mu, dogo, da farar hula da carbi, ya ce sunansa Sule. Yana jin Hausarmu ya rungume Kawu, wai kakarsa 'yar Sakkwato ce. Ya kai mu wani masauki a zango, unguwar baƙi 'yan arewa, ya saya mana shayi. Da na faɗa masa abin da ya kawo mu, ya ce ai tafkin a tafin hannunsa yake, sai dai ba a shiga sai da takardar izini, shi kuma yana da mutum a ofis. Ya karɓi abin da ya karɓa, ya fita. Kafin la'asar ya dawo da takarda mai tambari shuɗi, da hoton famfo yana ɗigar da ruwa a samanta. Karatuna na boko a aji uku ya tsaya, Turanci kuwa sai dai in gaishe shi daga nesa. Na ga ruwa a jikin takarda, na ga hatimi, na ce wa Kawu magana ta ƙare.

Kawu ya juya ta sama da ƙasa ya ce, "To, mi as ruwan famfo da kifi?"

Na ce, "Kawu, haka tsarinsu yake nan. Ka bar mani wanga."

Washegari da hantsi wata motar katako ta sauke mu a bakin wani daji mai duhun itatuwa, muka bi 'yar hanyar ƙafa kamar yadda Sule ya kwatanta. Shi wai uzuri ya riƙe shi. Mun wuce wani allo mai jan rubutu, ban ko waiwaye shi ba. Sai ga ruwan. Direban goro bai yi ƙarya ba. Shimfiɗe yake tsakanin tsaunuka, shiru, babu jirgi ko ɗaya, babu mai wanki, babu saniya. Can gefe wata doguwar katangar kankare ta tare shi, da wani gini kamar hasumiya tsaye a cikin ruwan. Karfasa na tsalle a gabanmu. Shirun nan ya kamata ya ba ni tsoro, amma ni murna nake yi.

Kawu ya tuɓe riga, ya naɗe wando, ya kwance zabira. Ya ɗiba ya watsa, garin ya bazu a kan ruwa. Ya sake ɗiba, don ya ce ruwan babba ne. Hannunsa bai sauka ba muka ji usur. Mutum huɗu masu kaki kore suka ɓullo daga cikin itatuwa da gudu, ɗaya na magana a rediyon hannu kamar gidansa ne ya kama da wuta. Suka riƙe hannun Kawu, suka ƙwace zabirar. Na zaro takarda na miƙa da ƙarfin gwiwa. Babbansu ya duba, ya dube ni, ya miƙa wa na kusa da shi. Daga baya na san abin da ke ciki. Takardar biyan kuɗin famfo ce ta gidan wani mutum, ta shekarar da ta wuce.

A cikinsu akwai wani matashi mai jin Hausar zango, shi aka sa ya yi tafinta. Ya nuna zabirar ya ce, "Tsoho, mene ne ka zuba cikin ruwa?"

Kawu aka tambaya. Ni kuwa, uban 'yan baki, na yi caraf na ce, "Ba komai ba ne, maganin ruwa ne!"

"Magani?"

"Magani mana. Na kamun kifi, gadonmu ne."

Na ga fuskarsa ta canja. Ya juya ya faɗa wa babban kalma biyu ko uku da yarensu, mai rediyo ya ƙara ɗaga murya. A wurinmu maganin ruwa tsari ne, kariya ce ga mai shiga. A kunnen yaron nan kuwa magani shi ne irin na ɓera da na ƙwari, abin da ake zubawa kifi ya taso matacce. Na yi ta cewa ba haka nake nufi ba, amma magana zarar bunu ce. Babban ya buɗe zabirar ya miƙa wa Kawu, ya nuna harshensa, wato in ba guba ba ce ya lasa. Na ce a raina Alhamdu lillahi, ga mafita. Sai Kawu ya kau da kai.

"Ba a ci nai. Na ruwa na."

"Kawu, don Allah lasa kawai!"

"Na ce ba a ci nai."

Tafinta ya fassara wannan daidai, babu ragi. Nan take aka sa masa ankwa.

Ni sun sake ni da yamma, tunda ba hannuna aka gani ba. Kawu aka rufe shi a wani ɗaki a ofishin 'yan sandan da ke kusa da madatsar. Tafintan ya yi mini bayani a bakin ƙofa. Wannan ruwan shi birnin gaba ɗaya yake sha. An kashe injunan da ke jan sa har sai an gwada. Ranar Litinin za a kai tsoho kotu, kuma laifin zuba guba a ruwan jama'a ba tara ake yi masa ba, shekaru ne. Ranar Alhamis ce. Na tsaya a bakin titi da 'yar jakata a kafaɗa, ina lissafin shekarun Kawu, ina jin muryar Inna.

Da na koma zango, Sule ya zama iska. Mai masauki ya ce bai san shi ba, shi ma jiya ya fara ganin sa. Wannan bai dame ni ba kamar abin da na tarar da safe. Famfunan unguwa sun ƙafe. Mata da bokitai da jarkoki sun yi layi tun daga rijiyar masallaci har bakin titi, kuma zance ɗaya ake yi. Wai wasu 'yan Najeriya sun zuba guba a dam. Wata ta ce buhu guda, wata ta ce buhu uku, wata ta ce an ga kifi fari fat a kan ruwa. Wani mai faskare ya ce da za a ba shi su minti biyar, da kotu ta huta. Ina tsaye a tsakiyarsu da butata. Gaisuwa ma da kai na riƙa amsa ta, don na san ina buɗe baki Sakkwatanci zai tona ni. Ban taɓa jin tsoron harshen uwata ba sai ranar.

Yunwa ce ta kai ni wurin wata dattijuwa mai koko da ƙosai a bakin lungu. Na nuna da yatsa. Ta zuba, ta miƙo, na manta na ce, "Na gode, Inna, Allah shi saka." Ta dube ni da kyau. Ta jira har masu saye suka ragu, sannan ta ce a hankali, "Kai ne yaron tsohon?" Na kasa ƙarya, na kasa gaskiya, sai hawaye. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ƙara mini ƙosai biyu, ta ce in bi bayan makarantar allo in tambayi gidan Baba Mande. Ta ce irin maganarmu ɗaya da shi, kuma babu wanda ya san dam ɗin nan kamar sa.

Na same shi a zaure kan kujerar kwance, tsoho tukuf, ido ɗaya ya yi fari. Na yi sallama. Ya amsa, ya ce, "Sake faɗi." Na sake. Ya tashi zaune.

"Kai ɗan ina na?"

"Fakku, Baba. Ƙasar Kebbe."

"Ni Dogon Daji anka haife ni," ya ce. "Har yanzu ana kai dawa kasuwar Tambuwal bisa jakkai?"

Sai da na ba shi labarin gida kusan awa guda kafin ya bari na faɗi abin da ya kawo ni. Da na zo kan kalmar da na furta, ya dafe kai ya yi wata dariya mara daɗi.

"Maganin ruwa! Yaro, ni shekara talatin da wani abu nay yi ina zuba ma ruwan ga magani, ana biya na. Alam nika zubawa shi kwantar da laka, da wani farin gari mai yaji ga hanci shi kashe cuta. Kai kuma ka zo da naka maganin, ba ka tambayi masu ruwa ba."

Daga nan ya ba ni tarihin wurin, ni kuma na saurara don ba ni da zaɓi. Ya ce yana saurayi ya zo ƙasar ɗaukar goro. Lokacin inda tafkin yake kwari ne, da wani ɗan kogi da yaro ke tsallakewa da rani, da gonakin koko, da ƙauye guda mai gidajen jar ƙasa. Birni ya yi ta cika, rijiyoyi suka kasa, tsohuwar ƙaramar madatsar da Turawa suka bari ta koma kamar kwano a gidan biki. Sai hukuma ta ce za a toshe kwarin. Aka tashi mutanen ƙauyen aka mai da su kan tudu, suna kuka suna ɗauke da ƙofofin ɗakunansu a ka. Leburori kuwa yawanci 'yan arewa ne, Hausawa da Zabarmawa da Mosawa. Da kwano a ka suka ɗebi dutse da yashi, shi ma har da shi. Ya nuna mini tsakiyar kansa inda gashi bai sake fitowa ba. Ya ce damina biyu ruwan ya yi yana hawa, suna kallo ya haɗiye gonaki, ya haɗiye kasuwar ƙauyen, har ya rufe kan wata rimi da suke cin abinci a ƙarƙashinta. Ranar da aka buɗe famfo a zango, mata guɗa suka yi kamar an kawo amarya.

Dajin da muka ratsa ma, in ji shi, dasa shi aka yi, don kada ƙasa ta gangaro ta cike tafkin. Aka hana noma, aka hana wanki, aka hana su. Amma kifi ya yi yawa, kuma ido ba ya ganin nama ya ƙyale. Wata shekara wasu masunta suka shiga a ɓoye suka zuba maganin feshin koko. Kifi ya taso har ruwan ya yi fari. Aka rufe famfo kwana da kwanaki, mutane suka koma shan ruwan rafi da kududdufi, cutar amai da gudawa ta shiga unguwanni. Sannan ya ce a cikin waɗanda aka binne har da 'yarsa ta fari.

"To ka ji abin da kunnuwansu sunka ji da kac ce magani," ya ce. "Yanzu ni tambaye ka, kuma kak ka yi mani ƙarya. Akwai magimfa cikin garin ga?"

Magimfa wani ganye ne da wasu masuntan ƙasarmu ke dakawa su zuba a ruwa, kifi ya bugu ya taso. Na buɗe baki in rantse, sai na ga ba ni da abin rantsuwa. Ban sani ba. Shekara ashirin ina ganin Kawu na watsa garin nan, kuma kullum yana kama kifi fiye da kowa. Me ya sa ya ƙi lasa? Na ce, "Baba, wallahi ban sani ba." Ya ce wannan amsar ce ta sa zai taimake ni.

Ranar Asabar ya sa babbar riga, na riƙe masa hannu muka shiga mota har madatsar. Masu gadi na ganin sa suka miƙe. Ya kai ni wurin shugabar ɗakin tace ruwa, wata mata mai gilashi wadda ya ce tana ƙarama yake ba ta alewa in ta biyo ubanta aiki. Suka daɗe suna magana da yarensu. Na ji yana maimaita kalmar magani, yana ƙirga ma'anoninta da yatsu. Ta saurara, ba ta yi murmushi ba. Abin da ya fassara mini shi ne, sun gwada ruwan ba su ga komai ba, har sun kunna injuna. Amma garin kansa sai an aika babban birni, kuma sakamako kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Kafin nan tsoho na gidan yari yana jira. Hanya ɗaya ce. Ya faɗi abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya a gaban ɗan sanda a rubuta, ita ta duba da abin da take da shi ta ga ko ya yi daidai, sannan ya lasa a gabansu. In ya yi haka za ta sa hannu cewa ba guba ba ce.

Aka shigar da mu wurin Kawu. Kwana biyu kacal, amma wuyansa ya zama kamar na kaza. Abincin da aka kawo masa na gefe, ƙuda na bi. Na durƙusa na faɗa masa sharaɗin.

"Ba ni faɗi."

"Kawu, kotu za su kai ka jibi."

"Su kai."

"Gidan yarin ƙasar wasu fa! Wa za ya kawo maka ko ruwan alwala? Mi zan ce ma Inna?"

"Ka ce mata na riƙe amanar ubanmu."

Raina ya ɓaci, tsoro ya sa na manta da girma. Na ce, "Ko dai magimfa ta a ciki, shi ya sa kaka ɓoyo?" Ya ɗago ya dube ni. Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Baba Mande ya zauna a ƙasa kusa da shi da kyar, ya gaishe shi da gaisuwar masu ruwa, ya tambaye shi ƙa'idar abin. Kawu ya ce kunne ɗaya ake faɗa wa, sau ɗaya a rayuwa, mai bayarwa da mai karɓa suna tsaye cikin ruwa. In kunne na uku ya ji, ya mutu, ya koma gari kawai.

"Malam Labbo," in ji Baba Mande, "ni ban san sirrinka ba, ba ni kuma raina shi. Tsari na Allah na, kai ma ka sani. Amma ka dibe ni. Na zo ƙasar ga da niyyar rani guda. Uwata ta mutu ban gani ba, ƙannena sun mutu ban gani ba, yanzu ko na koma Dogon Daji babu mai shaida ni. Ni ba a rufe ni ba ma ke nan. Kai in sunka rufe ka, nan za a bizne ka, kuma yaron ga ba shi iya komawa gida. Ka kashe gari, ko ka kashe mutum biyu."

Kawu ya juya fuskarsa ga bango. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai nika aje ma shi, Arzika. Na ce in mun shiga ruwan ga lafiya, nan za ni ba ka." Ya ce a kira su.

Ɗan sanda ya zo da biro, matar ta zo da zabirar a cikin leda. Kawu ya miƙe tsaye, ya faɗa da ƙarfi kamar mai ba da shaida. Garin geron da aka fara yanka a gonar gida. Tokar murhun uwarsa, wadda yake tsimi tun rasuwarta yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Yashin gulbinmu, daga mashigin da ubansa ya fara tsoma shi. Ɗan sandan ya ɗaga kai yana jiran sauran. Kawu ya ce, "Shi ke nan. Ukku na."

Baba Mande ya fassara. Matar ta zuba kaɗan a wani ɗan gilashi, ta ɗiga ruwa, ta juya, ta tafi da shi ɗakinta. Mintocin da ta yi sun fi mini kwana huɗun hanya tsawo. Ta dawo ta ce yashi ya kwanta, toka ta nuna kanta, sauran kuma gari ne. Ta miƙa wa Kawu zabirar. Ya zazzage abin da ya rage a tafin hannunsa, ya watsa a baki gaba ɗaya, yashi na ƙara a haƙoransa, ya haɗiye. Ya ce, "Yanzu ai tsaki na." Matar ta cire gilashinta ta ce wani abu a hankali. Baba Mande ya ce haƙuri take ba shi, wai da akwai wata hanya da ta bi.

Kayan sun ba a mayar mana ba, doka ta ci su, kuma ban yi musu ba. Baba Mande ya raka mu tasha da kansa. Ya ba ni goro ƙwarya guda ya ce in na bi ta Dogon Daji in raba wa duk tsohon da na gani a ƙofar masallaci, ko bai san shi ba. Na yi hakan.

A hanyar dawowa Kawu bai yi mini faɗa ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Na ba shi haƙuri a Togo, na sake ba shi a Zugu. Ya ce, "Bari, abin da Allah ya rubuta." Na riƙa gaya wa kaina cewa na cika alkawari, ga shi nan zan mai da shi gida da ƙafafunsa. Gero da toka da yashi ne kawai, in ji zuciyata, wane abu ne ya ragu a jikinsa?

Da hantsi muka iso bakin Kwara, inda ake tsallakawa zuwa ƙasarmu. Ruwan ya cika, amma kwance yake, ko iska babu. Mata da kaji da buhunan shinkafa suka shige jirgi suna hira, wani ma da babur ɗinsa. Na shiga na sami wuri, na waiwaya. Kawu na tsaye a kan yashi, takalmansa a hannu, yana kallon tazarar da ke tsakanin gaɓa da bakin jirgin. Ba ta fi taki ɗaya ba, ruwan wurin ko gwiwa bai kai ba. Mai jirgi ya ce, "Baba, shigo mana, ko ba ka saba da ruwa ba?" Mutane suka yi dariya.

Kawu ya taɓa zabirar da babu komai cikinta, ya miƙo mini hannu.

"Arzika," ya ce, "kama ni."